Darasi a kan Fiɗirar Ɗan Adam, Haƙƙinsa na Asali, da Abin da Wayewa Take Yi Masa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi ɗan Adam daga ƙasa, Ya busa masa rai, Ya sanya shi halifa a bayan ƙasa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga shehunanmu, Ya amfane mu da albarkarsu.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, kusan kullum in mutum ya kunna rediyo sai ya ji ana maganar haƙƙin ɗan Adam. A cikinmu akwai wanda da ya ji kalmar sai ya kawar da kai, yana ganin kayan Turawa ne da aka shigo mana da shi don a rusa addini da tarbiyya. Akwai kuma, musamman cikin samarinmu da suka yi lakwal, wanda yake zaton kafin zuwan Nasara babu wanda ya san mutum yana da haƙƙi, sai da wayewar zamani ta zo ta koya mana. Dukkansu biyu sun yi kuskure. Mutuncin ɗan Adam Allah ne Ya sanya shi a cikin halittarsa tun kafin a gina birni ko a rubuta doka, kuma wayewa ba ta da abin da za ta yi masa sai ɗayan biyu, ta tsare shi ko ta take shi. Wanne za ta yi, wannan yana komawa ga zukatan mutanen da suke riƙe da ita. Nan ne maganar ta zama tamu, mu da muka ɗauki alkawarin gyaran zuciya a hannun shehunai.

Za mu fara da wani abu da ya faru a garinmu, don kada a ɗauka labarin wata ƙasa ake yi.

Shari'ar da aka yanke a Yamai

A ranar 27 ga watan Oktoba na shekarar 2008, kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar take cikinta a lokacin, ta zauna a nan birnin Yamai ta yanke hukunci a kan ƙarar wata mata mai suna Hadijatu Mani. An sayar da ita a shekarar 1996 a jihar Tawa, tana da shekara 12 a duniya, a kan kuɗi jika 240. Wanda ya saye ta yana da matansa huɗu, sai ya ajiye ta a matsayin abin da ake kira wahaya, wato mace ta biyar wadda ba a ɗaura mata aure, ba a ba ta sadaki, ba ta da kwana, ba ta da gado. Ta yi wajen shekara 9 tana aikin gida da na gona, ta kuma haifa masa ƴaƴa.

A shekarar 2003 Nijar ta sanya bautar da mutum cikin manyan laifuka, da hukuncin ɗauri daga shekara 10 zuwa 30. A 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya hana ta tafiya, ya ce ai matarsa ce. Maganar ta je kotunan Birnin Ƙonni, wata kotu ta ba ta gaskiya, wata ta soke. Da ta auri mijin da take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6 a 2007, wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidriya, wadda aka kafa a 1991, da wasu lauyoyi suka tsaya mata har maganar ta kai kotun CEDEAO. Kotun ta tabbatar da cewa an bautar da ita, kuma hukuma ba ta kare ta ba, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin.

Ku lura da abu biyu. Na farko, dokar ta riga ta kasance tun 2003, amma ba ta buɗe ƙofar gidan ba a ranar da aka sa mata hannu. Na biyu, wanda ya fi ciwo, masu wannan al'ada da sunan addini suke kare ta. Saboda haka wajibi ne ɗan ɗariƙa ya san abin da addinin ya ce game da asalin mutum.

Mene ne fiɗira?

Fiɗira ita ce asalin halittar da Allah Ya ƙagi mutane a kanta, kamar yadda aya ta 30 ta Suratur Rum ta bayyana. Malamai suna haɗa ta da alkawarin farko da aya ta 172 ta Suratul A'araf ta ba da labarinsa, lokacin da zuriyar Adamu gaba ɗaya suka shaida wa Allah da cewa Shi ne Ubangijinsu. A wannan matsaya babu ɗan sarki, babu ɗan maƙeri, babu wanda aka ce asalinsa bawa ne. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi) ya nuna cewa kowane jariri da wannan asali yake zuwa duniya, daga baya ne masu renonsa suke juya shi zuwa inda suka fuskanta.

Masanan Turai sun yi jayayya mai tsawo a kan wannan batu. Tomas Hobs na Ingila, a littafin da ya fitar a 1651, ya tafi a kan cewa in aka bar mutane ba hukuma, yaƙar juna za su yi, don haka sandar mai mulki ce kaɗai take riƙe su. Ruso kuwa, a 1755, ya ce mutum a asalinsa mai tausayi ne, zaman tare da mallakar dukiya ne suka lalata shi. Kowannensu ya ga gefe ɗaya. Suratush Shamsi ta haɗa gefen biyu, domin ta sanar da mu cewa an kimsa wa rai sanin fajirci da sanin taƙawa, kuma rabo yana ga wanda ya tsarkake shi, asara tana ga wanda ya turbuɗe shi.

Daga nan ne malaman tasawwufi suka gina karatunsu. Suna cewa mutum yana da ruhi mai marmarin komawa ga Ubangijinsa, yana kuma da nafsu mai jan shi zuwa ƙasa. Alƙur'ani ya ambaci nafsu da siffofi uku: mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, mai zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajri. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya kamanta zuciya da madubi wanda saɓo da gafala suke sa masa tsatsa. Ke nan tarbiyya ba wani baƙon abu take zuba wa muridi ba, goge tsatsa take yi har hasken da yake can tun asali ya bayyana. Wanda ya fahimci wannan, ya san madubin nan yana cikin ƙirjin kowa, har da yarinyar da take wanke masa kwanuka.

Haƙƙin da aka haifi mutum da shi

Aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta ba da labarin girmamawar da Allah Ya yi, kuma ba ta rataya ta ga wata ƙabila ko wani launi ba, ga ƴaƴan Adamu ta rataya ta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya miƙe tsaye lokacin da aka wuce da gawa, da aka gaya masa ta Bayahude ce sai ya ba da amsa da cewa ai shi ma rai ne. Fifikon da yake tsakanin mutane a wurin Allah, aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta mayar da shi ga taƙawa, ita kuwa taƙawa a zuciya take, babu mai ganinta sai Wanda Ya halicci zuciyar.

Malaman usulu sun duba hukunce-hukuncen shari'a sai suka ga duk suna kewaye da tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Gazali ya jera su a cikin Mustasfa, Imam Shaɗibi ya faɗaɗa bayaninsu a cikin Muwafaƙat, wasu malamai kuma suka ƙara mutunci ya zama na shida. A huɗubar hajjin bankwana, a shekara ta 10 bayan hijira, Annabi (S.A.W.) ya haramta jini da dukiya da mutunci, ya kamanta alfarmarsu da alfarmar ranar da watan da garin. Waɗannan su ne haƙƙoƙin asali. Sarki bai ba da su ba, balle ya ƙwace su.

Ƴanci yana cikinsu. Masana tarihi sun kawo labarin wani Bamisire da ɗan gwamnan Masar, Amru ɗan Asi, ya doke shi saboda ya tsere masa a sukuwa. Mutumin ya kai ƙara har Madina, Sayyidina Umar ya sa ya rama, sannan ya tuhumi gwamnan da kansa a kan mayar da mutane bayi alhali ƴantattu aka haife su. Akwai kuma hadisin ƙudusi a cikin Bukhari wanda ya kamata kowane mai gida a Yamai ya san shi. Ya ambaci mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunan Allah ya yi yaudara, da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin, da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama amfani da ƙarfinsa ya hana shi ladansa. Ku duba yadda aka jera mai sayar da mutum da mai cinye kuɗin ma'aikaci a sahu ɗaya. Za mu dawo kan wannan.

Malaman ƙasarmu sun riga sun yi magana

Wanda yake cewa wannan magana ta Turawa ce, bai karanta malamansa ba. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu (1556 zuwa 1627) ya san ɗacin kamu a jikinsa, domin bayan rundunar Maroko ta ci daular Songai a 1591, an kama shi an tafi da shi Marrakesh, bai dawo gida ba sai a 1608. A shekarar 1615 ya amsa tambayoyin da mutanen Tuwat suka aiko masa game da bayin da ake kai musu daga ƙasashen baƙar fata, a cikin littafin da aka sani da Mi'irajus Su'ud. Ya bayyana musu cewa launin fata ba ya halatta mallakar mutum. Ya ƙi yarda da tatsuniyar da ake yaɗawa cewa baƙaƙe zuriyar wanda aka la'anta ne. Ya ambaci Barno, Kano, Katsina, Gobir, Songai da Mali a matsayin ƙasashen Musulmi ƴantattu waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba, kuma ya ce wanda ya fito daga irin waɗannan ƙasashe ya ce shi ɗa ne, maganarsa ake kamawa, mai da'awar mallaka shi zai kawo hujja.

Bayan shi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya rubuta a cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan cewa bautar da ƴantattun Musulmi haramun ne da ijma'i. Gaskiya ne waɗannan malamai sun rayu a zamanin da bauta take ko'ina a duniya, kuma fiƙihu yana da babukanta. To amma ƙofar da fiƙihu ya sani ɗaya ce, kamun yaƙi a ƙarƙashin shugaba, ita ma yau an rufe ta da alkawuran da ƙasashen Musulmi suka shiga, cika alkawari kuwa wajibi ne. Shari'a ta buɗe ƙofofin ƴantawa da yawa: kaffarar rantsuwa, kaffarar zihari, kaffarar kisan kuskure, da kaso a cikin zakka. Suratul Balad ta sanya ƴanta wuya a farkon hawan da mumini zai hau. Saboda haka yarinya Musulma ƴar Musulmi da aka saya da kuɗi, ɗiya ce da aka zalunta. Suratun Nisa'i ta tsayar da aure a kan mata huɗu, sunan wahaya kuwa ba ya mayar da haram halal.

Wayewa, ni'ima ce ko fitina?

Ibnu Khaldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya nuna cewa mutum ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Mu ɗauki ƙwaryar fura misali. Kafin ta iso bakinka akwai manomi, akwai maƙerin da ya ƙera hauya, da masassaƙin da ya sassaƙa turmi, da matar da ta daka, da makiyayin da aka tatsi saniyarsa. Ke nan zaman tare da sana'o'i da birane duk suna cikin abin da fiɗira take buƙata. Wayewa ba abokiyar gabar addini ba ce.

Amma shi dai malamin ya lura cewa mutum ɗan sabo ne, abin da ya saba da shi yakan zama masa kamar halitta. In jin daɗi ya yi yawa a birni, buƙatu suna ƙaruwa su wuce abin da hannu yake samu, sai mutane su shiga neman kuɗi ta kowace hanya, kunya ta ragu, zumunci ya yi rauni. Ya kuma ce zalunci shi ne yake rusa ginin al'umma, ya ƙidaya tilasta wa mutane aiki ba lada cikin mafi munin zalunci. Alƙur'ani ya riga ya ba da asalin cutar a Suratul Alaƙ: mutum yana ƙetare iyaka a lokacin da ya ga kansa ya wadata. Suratul Fajri ta ambaci Adawa da Samudawa da Fir'auna, duk gwanayen gini ne, sannan a cikin surar aka zargi mutane da rashin girmama maraya da rashin kwaɗaitar da ciyar da miskini da tsananin son dukiya.

Tarihin ƙasarmu ya isa shaida. Faransa ta shelanta haƙƙin ɗan Adam a 1789, ta soke bauta a 1794, ta dawo da ita a 1802, sai a 1848 ta soke ta ƙarshe. Shekara 110 bayan waccan shela, a 1899, rundunar Vule da Shanuwan ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, duk da sunan kawo wayewa. Aikin tilas da aka sa kakanninmu bai ƙare ba sai da dokar 1946. Wannan ba ya nufin takardun haƙƙin ɗan Adam banza ne. Shelar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disamba 1948 da yarjejeniyar Afirka da aka amince da ita a Nairobi a 1981 suna ɗauke da alheri mai yawa wanda ya dace da shari'a, kuma Musulmi yana karɓar gaskiya daga duk inda ta fito, yana auna sauran da ma'aunin addininsa. Hadijatu ma ta hanyar kotu da lauya da takarda ta samu haƙƙinta, waɗannan kuwa duk ƴaƴan wayewa ne. Abin da tarihi ya koya mana shi ne takarda ba ta tsare kowa in hannun da yake riƙe da ita nafsu ammara ce take juya shi.

Mu duba garinmu

An mayar da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Lokacin samun mulkin kai a 1960 mutanen garin wajen 30,000 ne, ƙidayar 2012 kuwa ta sami fiye da miliyan ɗaya. An buɗe gadar Kenedi a 1970, yau gadoji uku ne a kan kogin Isa. Akwai asibitoci, akwai jami'ar Abdu Mumuni, akwai famfo da kuran a unguwanni da yawa. Duk wannan ni'ima ce da ta wajabta godiya, kuma wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a amalanke daga ƙauye ya san ƙimarta.

Sai dai birni yana da wata cuta da ƙauye bai cika samunta ba, ita ce rashin sanin juna. A ƙauye, in ka zalunci yaro, ka san ubansa, kuma gobe za ku haɗu a masallaci. A birni kana iya shekara da mutum ba ka san sunansa ba, sai sunan aikinsa: ga-ruwa, mai gadi, mai shara, ƴar aiki, almajiri. Da zarar sunan mutum ya koma sunan aiki, zuciya takan fara ganinsa kamar kayan aiki. Kowace shekara bayan girbi ƴan mata suna shigowa Yamai daga ƙauyuka neman aikin gida. Wata takan riga kowa tashi, ta zama ta ƙarshen kwanciya, ta ci ragowa, in wata ya ƙare a ce mata ta yi haƙuri sai wani wata, in wani abu ya ɓace ita ce ɓarauniya tun kafin a bincika. Ba a saye ta ba, amma ku tuna wancan hadisin da ya jera mutum na biyu da na uku a sahu ɗaya.

Akwai kuma tsohuwar cuta da ta biyo mu daga ƙauye, ba ta mutu ba. Saurayi mai addini da sana'a ya zo neman aure, sai a aika a binciki asali, a dawo a ce kakansa bawa ne, ko gidansu maƙera ne, ko mahauta, shi ke nan maganar ta mutu. Alhali a mazhabar Imam Malik da muke bi, dacewar ma'aurata tana kan addini da kuɓuta daga aibobin da suke hana zaman aure, ba a kan nasaba ba. Annabi (S.A.W.) ya aurar da Zainab ƴar Jahshi, ƴar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda ƴantacce ne. Abu Huzaifa ya aurar da ƴar ɗan'uwansa, Baƙuraishiya, ga Salim ƴantacce. Lokacin da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, Annabi (S.A.W.) ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, ya kuma koya masa cewa masu yi masa hidima ƴan'uwansa ne, ya ciyar da su daga abincinsa, ya tufatar da su daga tufafinsa, kada ya ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Bayan shekaru an ga Abu Zarri a Rabaza shi da yaronsa sanye da tufa iri ɗaya. Haka tuba take.

Zamani ya ƙaro tasa. Wayar da take hannunmu tana sadar da zumunci da karatu, amma da ita ake tura hoton wanda aka kama ana duka, ko asirin wata yarinya, daga wannan rukuni na WhatsApp zuwa wancan. Wanda ya tura ya yi tarayya da wanda ya ɗauka a cikin keta mutuncin da aka haramta a hajjin bankwana.

Duk da haka fiɗira ba ta mutu a garin nan ba. A daminar 2020, lokacin da kogi ya fasa madatsar Lamorde ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, iyalai suka koma kwana a azuzuwan makarantu, an ga maƙwabta suna fitar da juna da kwale-kwale, babu mai tambayar wani ƙabilarsa ko asalinsa. Masifa takan goge tsatsa na ɗan lokaci. Aikin ɗariƙa shi ne a goge ta kullum ba sai an jira ambaliya ba.

Abin da ya hau kan muridi

Malamai sun raba haƙƙi gida biyu, haƙƙin Allah da haƙƙin bayinSa. Na farko an gina shi a kan rangwame, istigfari na gaskiya yana shafe shi. Na biyu ba ya faɗuwa sai an mayar da shi ko mai shi ya yafe. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da matsiyacin gaskiya ya siffanta mutumin da zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare. Ya ɗan'uwa, wuridinka ma yana cikin abin da za a ɗiba. Kada ka yi shekara talatin kana tara wa wani.

Saboda haka ga abin da muke yi wa kanmu da ku wasiyya da shi.

Na farko, duk wanda yake da ma'aikaci a gida, a shago ko a wurin gini, ya yanke lada da shi a fili tun ranar farko, ya biya a kan lokaci. Wanda ake bin sa bashin wata, ya biya kafin ya zo halƙar Juma'a mai zuwa.

Na biyu, ƴar aiki ta ci daga tukunyar gida, ta sami hutu da lokacin salla, in ta yi ciwo a kai ta asibiti. In yarinya ce ƙarama, a buɗe mata hanyar karatu. Mai gida ya sani amana ce a wuyansa, kuma ya tsare ta daga kansa da ƴaƴansa maza.

Na uku, a cire gorin asali daga baki, ko da wasa ne, kuma a hana yara. Wanda aka zo neman ƴarsa, ya binciki addini da hali da sana'a, ya bar kaburburan kakanni su huta.

Na huɗu, wanda ya san inda ake riƙe da mace a matsayin wahaya, ko inda ake azabtar da yaro, kada ya ce ba ruwansa. Ya fara da nasiha, ya sanar da malamai da muƙaddamai, in abin ya ƙi ya kai ga hukuma, domin taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa.

Na biyar, malaman da suke riƙe da almajirai da iyayen da suke turo su birni su ji tsoron Allah. Yaron da yake ɗauke da Alƙur'ani a ƙirjinsa ya fi ƙarfin a bar shi yana kwana da yunwa a bakin titi. Zawiyoyinmu su ɗauki nauyin waɗanda suke kusa da su gwargwadon iko.

Na shida, kowane dare kafin barci muridi ya yi wa kansa hisabi da tambaya ɗaya: yau wane ne na kalla ban ga ɗan Adam a cikinsa ba? In ya tuna da wani, ya neme shi da safe.

A zawiya muna zama sahu ɗaya, Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare, ɗan kasuwa kusa da mai tura ruwa, gwiwa tana taɓa gwiwa, harshe yana ambaton suna ɗaya. Wannan zama darasi ne da shehunai suka shirya mana da gangan. Wanda ya tashi daga sahun ya koma gida ya wulakanta na ƙasa da shi, bai ɗauki darasin ba tukuna, ya dawo ya sake zama.

Ya Allah, Ka tsarkake zukatanmu daga girman kai da raina bayinKa. Ka sa mu fita daga duniya babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Ka jiƙan waɗanda aka zalunta, Ka shiryi waɗanda suka yi zalunci, Ka zaunar da Yamai da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Ka yi daɗin tsira da aminci ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.